Abin da Na Gani a Wayar Baban Yara

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokin nan da suka hana ki sakat. Yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya.

Na san za ki ce me ya haɗa mai sabuwar waya da takarda. Ke kika ja. Kowa ya kira ki sai kin buɗe lasifika, har mai wankin gidanku ya san sirrin dangi. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mini kayan shago wannan ya damƙa miki hannu da hannu.

Wayar da 'yarki, ta farin nan tawa, ta saya mini, ashe hawan ƙawara nake yi mata. Malamar asibitin da ke haya a ɗakin bayanmu ce ta zaunar da ni ta nuna mini wurin saiti, inda ake juya komai. Yaya, ashe rubutu ma ana ƙara masa girma! Yanzu ba sai na miƙe hannu can nesa ina ƙanƙance ido ba. Na rage hasken fuskarta, na kunna abin tattalin batir, caji yana kai ni yamma har da saura. Na kuma hana ta sauke hotuna da kanta, don zauren danginmu ne ke cinye mini data, musamman furannin barka da safiya na Kawu. Ke ma ki sa a yi miki, kada ki ce ban gaya miki ba.

Har kiɗan kira na ware wa kowa. Naki mai hayaniya ne, kin san dalili. Baban yara na zaɓa masa mai taushi, sai dai ban cika jin sa ba. In na kira shi yana wurin injin yanka katako ba ya ɗauka, wannan na yi masa uzuri. Amma a gida ma ya koma shiru-shiru. Sai in zauna kusa da shi a kujerar falo in yi ta zuba, shi kuwa loma kawai yake kaiwa. Wataƙila gajiya ce.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ta iso, na kuma ji daɗi da kika ce rubutun ya fito miki raɗau. Batun wayarki da ke cewa ta cika, ki shiga wurin ajiya ki goge bidiyoyin da aka turo miki sau uku-uku, za ki ga ta numfasa.

Shago lafiya lau, ciniki ba laifi. Amma Yaya, abin da na kira gajiya ya fara ci mini rai.

Kin dai ji 'yarki na da juna biyu. Ranar da ta sanar da ni, ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Na jira ya dawo, ya yi wanka, na ajiye masa abinci, na zauna a wurina, na rage murya na yi masa albishir. Ko ɗago kai bai yi ba. Na haɗiye, na ce ko kara ce irin ta maza. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya shigo baki har kunne, wai ya ji daga bakin mijinta, har yana yi mini ƙorafin na ɓoye masa. Ni na ɓoye! Wato maganata ta zama iska, ta suruki ce magana.

Mutumin nan bai taɓa zagina ba, bai rage ni da komai ba, cefane bai taɓa yankewa ba. Amma ai ba ciki kaɗai ake aure dominsa ba. Da can shi ne mai tsokanata har in yi fushin ƙarya. Yanzu in ya dawo sai ya toshe kunne da iyafis yana sauraron labarai, ni kuma in zauna kamar kujera ta biyu.

Shekaranjiya da safe haƙurina ya ƙare. Yana zaune yana ɗaura igiyar takalmi, na zauna gefensa, na yi ƙasa da murya saboda 'yar haya. Na gaya masa in ya gaji da ni ya fito fili, furfura ba ta hana mace sanin hanyar gidan yayarta. Na ƙara da wasu maganganun da ba zan iya rubutawa ba, har da cewa na yi nadamar shekarun da na ba shi. Ya gama ɗaurinsa, ya miƙe, ya yi mini murmushi, ya ce sai ya dawo. Murmushin nan ya fi mari zafi.

Ki sa a share mini ɗakin baƙi. Ba yaji ba ne, na girme wa yaji. Ina so ne in ga ko zai lura ba na nan.

Taki,
Auta

*

Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, gida kuma lafiya. Buhunan da kika kwashe don share mini wuri, ki mayar da su ɗakin baƙi, ba na zuwa. Zauna ki sha labari.

Ina cikin haɗa kaya a raina, ranar hutunsa ya miƙo mini wayarsa, wai tunda na zama injiniyar gidan in duba masa, caji ba ya zama. Kamar in ƙi, sai na karɓa, kin san ni da son a ce na iya. Ya fita sayo fitila, ni kuma na shiga saiti. Na rage haske, na rufe abubuwan da ke aiki a ɓoye. Da na leƙa wajen sauti sai na ga komai an kai shi ƙarshe, ƙarar kira, ƙarar saƙo, jijjiga, duka. Na yi mamaki, mutumin da ko rediyon maƙwabta ke damunsa.

Na gangara ƙasa, wurin da aka tanada don masu matsalar ido ko kunne, inda na ƙara girman rubutuna. A nan akwai wani ɗan layi mai hagu da dama, wanda ke raba sauti tsakanin kunnuwan iyafis. Nawa yana tsakiya. Nasa an ja shi har ƙarshen hagu.

Yaya, na daɗe ina kallon layin nan. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Badame ne, amma ya koma kara waya a kunnen hagu. Injin da yake tsayawa a kai tun muna amare, ta damansa yake. Ni kuma tun da aka sayi kujerar nan a damansa nake zama, don nan ne kusa da ƙofar kicin. Kuma duk maganar da ta fi nauyi, ita nake rage wa murya.

Kuka na yi sosai, na tausayi da na kunya a haɗe. Na wanke fuska kafin ya dawo. Da na kawo abinci sai na zagaya na zauna a hagunsa, na tambaye shi a hankali ko gishiri ya ji. Nan take ya amsa. Sannan ya dubi inda na zauna, ya dubi wayarsa a hannuna, ya ajiye cokali.

Ashe kunnen ya daɗe yana dushewa, tun bara ya ɗauke kusan gaba ɗaya. Mai gyaran waya ne ya ja masa layin. Ya ɓoye ne don tsoron zan tayar da hankali in ce ya bar injin, ga shi ba shi da wata sana'a. In ya ga bakina na motsi bai ji ba, sai ya yi murmushi don kada in gane. Na yi masa faɗa iya faɗa, a kunnen da ke ji.

Malamar asibiti ta haɗa mu da likitan kunne, za mu je makon gobe, ta kuma sa ya sayi abin rufe kunne na masu aikin inji don a tsira da na hagun. Ni ma na yi nawa: na kunna masa saitin da ke sa tocilar waya ta riƙa walƙiya in an kira. Yanzu yana jingine ta a kan shiryayye inda idonsa ke kaiwa. Jiya sau uku ya kira ni da kansa, har da tambayar ko na ci abinci, tsofai-tsofai da mu.

Da yamma ya ce in zauna, a sabon wurina, in maimaita masa duk abin da na gaya masa a watannin nan, kada in rage komai, don an yi masa asara. Na sake yi masa albishir ɗin jika tun daga farko, ya yi murna kamar bai taɓa ji ba. Na ba shi labarin shago, da na rufin da ke yoyo, da na ƙafarki. Ya tambaye ni ko shi ke nan. Ya ce ya tuna wata safiya yana ɗaura takalmi na daɗe ina magana, fuskata ba daɗi, ya yi ta tunanin abin a wurin aiki.

Na ce masa cewa na yi ya dawo da wuri.

Allah ya yafe mini wannan, ke kuma ki ƙona wasiƙata ta biyu. Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta