Gishiri Har Maƙogwaro

Unguwar Shisha, Makka, daren Asabar, Sha'aban 1437

Ni, Sarkin Ruwan Bahar Maliya, yau na dawo daga rangadin tsibiraina.

A cikin kwalekwale yayana Sani ya rantse da an ɗaura mini tukunyar iska zan yi ihu, kuma duk Shisha sai ta ji. "Kai da ko a baho ba ka nutso!"

Na shiga. Kifaye kala-kala suka kewaye ni cikin murjani, na manta da robar iskar da ke bakina, na buɗe baki zan ce Subhanallah. Gishiri har maƙogwaro! Na mayar da robar iskar bakina, na ƙi fitowa.

A mota Ya Sani ya ce, "Yalla, ka yi ƙoƙari."

Ba wani sarki, wallahi, ni dai Habu ne mai wankin bas a Muzdalifa.