Garin da Ba Mai Jin Hausa

Litinin, 7 ga Maris, 2016

Alhamdu lillahi, makarantun koyon Sinanci biyun da na nema duk sun ɗauke ni! Ni Abdulbasit, mai sayar da kayan injin ban-ruwa a kasuwar Gummi, wanda ko “ina kwana” bai sani ba da Sinanci. Dukansu a can ƙasar masu harshen suke, suna da ajin ’yan farko, na shekara guda. Ɗaya a Gwanzu, inda ’yan kasuwarmu suke tururuwa. Ɗaya a wani gari wai shi Lanju, can arewa, sai da na sha wuya kafin na gano shi a taswira. Dole in zaɓi ɗaya kafin ƙarshen wata mai zuwa.

Laraba, 9 ga Maris

Yaya Barau ya gama yanke hukunci tun kafin in rufe baki. Gwanzu. Wai amininsa Alhaji Ishaq yana can, akwai ɗaki, akwai mai tuwo a ƙasan benen, har da miyar kuka. Wai da safe in je aji, da rana in zaga masa masana’antu in duba kaya.

Na san Yaya. “Da rana” ɗin nan tasa daga hantsi take farawa. Wata biyu zan yi, aji ya koma sai ran da babu kaya, in dawo gida ɗan aike mai fasfo. Shekara nawa ina juya takardar da ke cikin kwalin inji, ina kallon rubutun Sinancin nan kamar sawun kaji, mai gona yana tsaye a kaina shinkafarsa tana bushewa. Ni karanta abin nake so in yi, in kuma yi magana da wanda ya ƙera shi baki da baki.

Sai dai wuƙa da nama a hannun Yaya suke. Shagon nasa ne, kuma shi zai biya jirgi.

Asabar, 12 ga Maris

Wasu Fulani sun zo daga wajen Bukkuyum neman tiyo. Yaya ya yi ta fama da su, ƙarshe ya ƙwala mini kira kamar kullum. Na juya harshe, muka yi ciniki da Fulatanci, har da dariya. Da suka tafi ya ce ai shi ya sa yake son in tafi, ina da kan harshe. Kan harshe! Shi a ganinsa da shi aka haife ni.

Alhamis, 17 ga Maris

Na bincika Lanju a waya har idona ya yi ja. Musulmi da yawa, masallatai, taliyar naman shanu da ake ja da hannu, ga kogi ya ratsa garin kamar namu. Na tambayi makarantar ko akwai ɗan Najeriya. Suka ce a ajin bana babu. Sanyi kuma, wai ruwa daskarewa yake yi a waje.

Raina ya tafi can. Amma tsoro nake ji, tunda nan ba mai gani bari in faɗa.

Juma’a, 1 ga Afrilu

Mun yi da Yaya. Ya ce in na mutu a Lanjun wa zai yi mini wanka. Na ce Musulmin garin. Ya ce bakina ya fara tsawo. Ƙarshe dai ya ce a kai wa Inna gobe, abin da ta ce shi ke nan. Yana faɗa yana murmushi, don ya san Inna: ko Sakkwato zan je sai ta haɗa ni da wanda zan sauka gidansa.

Na riga na sha kaye.

Asabar, 2 ga Afrilu

Kai! Kai! Bari in rubuta tun da zafinsa.

Mun same ta tana turara shinkafa a tsakar gida. Yaya ya shimfiɗa nasa bayani tiryan-tiryan, Alhaji Ishaq, ɗaki, tuwo, Hausawa ko’ina kamar kana Kantin Kwari. Ni na yi nawa a daburce, na ma fara da sanyin, don wauta. Inna ba ta ɗago ba. Can ta tambaya, wancan gari na biyu, akwai mai jin Hausa? Na ce babu, Inna, ko mutum ɗaya. Yaya ya gyara zama.

Ta ce, “To can za ka tahi.”

Yaya ya ɗauka ba ta fahimta ba, ya sake maimaitawa a hankali. Ta ce ta ji sarai, ba kurma ba ce. Ta tambaye shi ina yake tsammani na samo Fulatancin da yake cin kasuwa da shi. Sai ta ba da labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ina ƙarami ƙawarta Goggo Aisatu, wadda ke kawo mana nono, ta roƙi a ba ta riƙona don ba ta da ɗa namiji. Inna ta ba ta. Aka tafi da ni rugarsu a Gwashi, inda ko kare ba a kira da Hausa. Wannan na sani. Abin da ban sani ba, wai Baba ya so a haɗa ni da Yaya don in sami abokin hira, Goggo ta ƙi. Ta ce in aka ba ta biyu, junansu za su riƙe, ba ita ba.

Inna ta ce ran da aka maido ni, ta miƙo hannu, na ɓuya bayan zanen Goggo ina tambaya da Fulatanci wace ce wannan. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito ta ɗora tukunya.

“Na san zahin da ke ciki,” in ji ta. “Amma in ka zamna cikin ’yan garinku, mi ka tahi yi?”

Yaya ya tashi ya kaɗe rigarsa. A zaure ya ce mini in nemi rigar sanyi ta kirki, kada in je in ba shi kunya.

Lahadi, 3 ga Afrilu

Lanju! Na aika wa makarantar amsa. Na rasa wanda zan runguma, na sayi tsire na raba wa ’yan layinmu.

Talata, 30 ga Agusta

Gobe Abuja. Inna ta cusa mini yaji da kuka da daddawa, ta ƙi rako ni ko zaure.

Litinin, 12 ga Satumba

A gida yau Sallah. Ni kuwa ina aji, malama tana nuna hoton kofi muna maimaitawa kamar ’yan firamare. Ƙato da ni. Na koma ɗaki na buɗe ƙullin daddawar na shinshina. Da Gwanzu na je da yanzu...

Bar shi.

Juma’a, 14 ga Oktoba

Bayan masallaci akwai wata dattijuwa mai shagon taliya, sunanta Ma, ɗankwalinta fari ƙal. Tun zuwana da yatsa nake nuna abin da nake so. Yau ta riƙe kwanon ta ƙi saki, sai na faɗa da baki. Na faɗa, ta girgiza kai. Na sake. Layi ya taru a bayana, gumi ya keto mini cikin sanyin nan. Da na dace, ta buga tebur ta sanar wa duk shagon, ta ƙara mini nama. Muguwar tsohuwa! Halinta ɗaya da Goggo Aisatu. Na sa mata Goggo Ma.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Yaya ya turo hoton takardar wani inji. Na gane “mai”, na gane “ruwa”, na gane “kada”. Kada a tayar da shi babu ruwa a ciki! Ni na karanta, da idona, ba wanda ya faɗa mini. Na yi tsalle har na bige fitilar ɗaki. Yaya ya ce ai wannan kowa ya sani. Daga baya ƙanwarmu Sa’a ta ce mini ya zaga layi yana nuna wa mutane wayar.

Lahadi, 4 ga Disamba

Na kira gida daga shagon Goggo Ma. Inna ta tambayi abin da ake zubawa a taliyar. Na lissafa, na zo kan tafarnuwa sai ta ɓace mini, ta Sinancin ce ta fito. Inna ta yi ’yar dariya ta ce harshen ya kama ke nan.

Ta ce in ba matar waya, ba a riƙe wa mutum ɗa bai yi godiya ba. Na tsaya tsakaninsu ina juyawa, wannan ta faɗa in kai, waccan ta faɗa in kawo. Tafinta na farko a rayuwata, kuma wallahi ya tafi! Sun tambayi lafiyar juna, da sanyi, da yara.

Ƙarshe Inna ta ce, “Hwaɗa mata na ba ta amana. Amma in ta gama, ta maido min abuna.”

Na faɗi ta amanar, Goggo Ma ta dafa ƙirji. Sauran ban faɗa ba, wai ban san yadda ake cewa “maido” ba.

Alhali makon jiya muka yi kalmar a aji. Ta ma fito a jarrabawa, na ci.