Na Ɓoye Tsanin Mijina, Yanzu Taga Yake Kallo

Malama Roswita, kafin in yi miki kuka bari in ba ki kacici-kacici, ke da masu karanta filin nan, don ni ban iya shiga magana ta ƙofar gaba ba, jikokina shaida ne. Wane ne ake haifa ja, ya yi samartaka da launin ƙasa, ya tsufa kore shar, ruwan sama duk a kansa yake ƙarewa bai taɓa yin mura ba, amma ranar da aka cuɗe shi da kyau, ranar aka cuce shi? Riƙe amsarki tukuna. Ki taimake ni, don Allah, kafin wannan abu ya sa ni saka baƙaƙen kaya.

Mijina, bari in kira shi Kayetan. Ba sunansa ba ne, sunan wani ne da ya nemi aurena kafin shi, in ya karanta ya ji haushi, ko hankalinsa ya sauko daga rufi na yini ɗaya. Ya kusa tamanin. Maƙerin rufi ne, rabin hasumiyoyin cocin da ke kwarin nan ya hau su. Indararon tagullar gidanmu da hannunsa ya lanƙwasa shi, ya like da dalma, shekarar da na haifi 'yarmu Gundula. Wasu mazan jikoki suke jira, shi kore yake jira. Yanzu koren ya kama ko'ina, kullum da safe sai ya fita da kofin gahawarsa ya ɗaga kai yana kallo, irin kallon da ni ban samu ba tun ranar aurenmu.

To, bangonmu na wajen kogi shi ma ya yi kore, amma nasa gansakuka ce. Gundula ta ce abin kunya ne, ga jerin gwanon coci na tafe, kuma a ƙofarmu ake kafa teburin furanni kowace shekara. Ba ta tambayi kowa ba ta kira masu wankin gini. Irin waɗannan ne suka wanke gidan maƙwabciyata Walburga bara. Bangon ya fito fari tas kamar madara, amma maganinsu ya bi ta kan indararonta ya bar shi dabbare-dabbare, nan ja, nan baƙi, ƙarfin ruwan kuma ya buɗe mahaɗa ɗaya, har yau ɗiga take. Kayetan ya tsaya gaban gidan ya cire hula kamar a bakin kabari. Ya ce yaran nan kore ɗaya suka sani, duk inda suka gan shi sai sun kashe shi.

Sai ya rantse ba mai taɓa nasa. Wai kafin su zo zai hau da kansa, ya kwashe ganye, ya naɗe indararon da leda. Gidanmu hawa uku ne, Malama, ƙasansa kuma dutse ne. Mutumin nan jiri ke ɗibarsa. Cikin sanyin da ya wuce ya faɗi a kicin garin ɗauko sukari, ya ce kyanwa ce ta harɗe shi, alhali kyanwar na kan cinyata tana barci.

Don haka na sace tsanin. Ran Lahadi yana wajen kartarsu bayan coci, ni da Walburga muka kinkime shi, ita gaba ni baya, tsofaffi biyu suna tangaɗi a titi. Fada, limamin cocinmu, ya gamu da mu ya tambaya ko gajeriyar hanyar sama muka samo, na ce masa e, amma ba ma ɗaukar masu ƙiba. Muka cusa shi bayan itacen hura wutarta. Na ce wa Kayetan ɓarayi ne. Ya dube ni ya ce ɓarawon da zai bar keke ya ɗauki tsani, lalle da warin albasa a hannunsa. Na yi dariya, shi ma ya yi, na ɗauka an wuce wurin.

Shekaranjiya na hau ɗakin ƙarƙashin rufi shanya kaya, na tarar da shi. Ya buɗe ƙaramar tagar da ke fita kan rufin, ya shafa wa tsohon takalmin aikinsa mai, ga igiya a gefensa wadda ta girmi Gundula. Ya ci gaba da goge takalmin. Abin da na gani a idona shi ne Blasiyus, abokin aikinsa, wanda santsin raɓa ya kwashe daga rufin da bai kai namu tsayi ba. Ni na riƙe matarsa a asibiti, ni na yi ta kai mata miya har ta daina kuka. Na san ƙarar da mutum ke yi in ya faɗo, don ta faɗa mini, kuma ba ta bar kunnena ba.

Tun ranar ban je kasuwa ba. A kan matakala nake feraye dankali, in ya tashi in tashi. In na mayar da tsanin zai hau. In na riƙe shi zai bi ta taga, wadda ta fi muni, kuma ni na tura shi can. In na gaya wa Gundula za ta fara zancen gidan tsofaffi, shi kuwa ba zai yafe mini ba. Ni mai ba jikoki tsoro da labarin dodo, yau ga shi ni tsoro ya kama. Yaya zan yi?

Kaka Ɓarauniyar Tsani, daga bakin kogin Enns

Kaka, na gaishe ki, na kuma gai da Walburga da bayanta da ya sha ɗaukar tsani.

Tsoronki na kan gaskiya. Mai jiri ba shi da aiki a kan tsani, balle kan rufi, ko da ya shekara hamsin yana hawa. Yau ɗin nan ki sa wa tagar can kwaɗo, amma ki yi shi a gabansa. Ki ce masa ke kika ɗauke tsanin, ki kuma faɗa masa abin da kika faɗa mini game da Blasiyus. Wasa da dabara sun kai ki inda za su iya. Shi ya san ke ce, abin da bai ji daga bakinki ba shi ne kin tsorata.

Sai dai shi ma yana da gaskiyarsa, kuma ba wanda ya saurare shi. An yanke shawara a kan aikin hannunsa ba a tambaye shi ba. Abin da ya gani a gidan Walburga ɓarna ce ta gaske. Maganin da ke kashe gansakuka yana ɓata tagulla, ruwa mai ƙarfi kuma yana iya buɗe mahaɗa. Muddin yana ganin ba mai kare indararon sai shi, zai nemi hanyar hawa, ko kin ɓoye tsanin garin nan kaf.

Saboda haka ki kira shugaban masu wankin ya zo kafin ranar aiki, ya zauna da mijinki su yi magana. A yarda cewa koren indararo ba dauɗa ba ne, ba a kankare shi. A jiƙa shi da ruwa zalla, a rufe shi kafin a fesa wa bango magani, a ɗauraye shi nan take in wani abu ya ɗiga. Ganyen ciki a kwashe da hannu ko ludayin roba, ban da buroshin waya, ban da injin feshi. In wanki ya zama dole, sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi sun isa. Su gwada a lungun da ba a gani tukuna, mijinki ya duba. Masu aikin kirki ba sa ƙin haka. In suka ƙi, a nemi wasu, ko da jerin gwano zai wuce bango na kore. Ranar aiki a sa masa kujera a tsakar gida, shi ne mai sa ido. Da motarsu mai kwandon ɗaga ma'aikata sama za su hau, su ɗauko masa hoto a waya ya ga kowace mahaɗa.

Gundula kuwa ki gaya mata, ke da shi tare, don kada labarin ya zo mata ta bayan fage. Ba gidan tsofaffi ake nema ba, likita ake nema ya duba jirin nan, cikin makon nan. Tsanin ya ci gaba da zama bayan itace.

Allah ya kwantar miki da hankali, ya bar miki tsohonki a ƙasa da kofin gahawarsa, ya kuma sa wata safiyar ya juyo da kallon nan wajenki.

Amsar kacici-kacicinki indararon tagulla ne. Koren nan shi ne rigarsa, shi ke kare shi, kuma in an bar masa ita yakan fi maƙerinsa daɗewa.

Roswita