Inna, Na Kasa Faɗin Sunan Jikanki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, gwiwa a ƙasa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Gida kowa lafiya, sai ni ɗanki na fari, da kwanakin nan ko majalisar ƙofar gida na kasa zama. Na san wasu za su karanta wannan. Su karanta, da ke nake magana.

Kin san yadda na faɗa wasan ƙwallon kwando. Malamin wasanni na makarantarmu ya gan ni ina miƙa buhunan albasa saman mota ranar kasuwa, ya ce wannan tsawo bai kamata ya ƙare a lodi ba. Ya kai ni filin nan mai fasasshen siminti, ya ba ni ƙwallo. Daga nan sai Sakkwato, sai Kano, har na yi kakar wasa guda ina buga wa wata ƙungiya a Yamai. Duk tsawon wannan tafiya ba ki taɓa zuwa kallona ba, kuma ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Dogon nan” kike cewa, idan ta kama dole.

Ranar da na kawo kofina na farko, matan unguwa suka cika tsakar gida suna guɗa. Ke kuwa kika ci gaba da tankaɗe, kika ce: “Mi an na abin murna? Ƙato da gajeren wando shina tsalle gaban mutane.” Amma da na leƙa ɗakinki bayan kwana biyu, sai ga kofin a tsakiyar jerenki, an goge shi ya fi kwanukan sheƙi.

Sai shekarar da gwiwata ta tashi aiki. Kika hau mota ke kaɗai har asibiti a Sakkwato. Ma'aikatan suka ce ki faɗi sunan mara lafiyar, kika ce wani yaro ne mai tsawo. Haka kika yini kina leƙa ɗaki-ɗaki, kina duba wanda ƙafafunsa suka wuce gado. Da kika same ni, kika ajiye kwaryar fura, kika tambayi na gadon kusa da ni ya jiki. Na daɗe ina ba da labarin nan ana dariya. Ban san kunyar ɗan fari da nake yi wa dariya tana nan kwance a jikina ba.

Da wasa ya ƙare mini na koma koci. Na horar a Kano, na horar a Sakkwato, daga baya na dawo gida na tara samarin Illela da na ƙauyukan kewaye. Aikin koci kuwa ihu ne da kiran suna. Ina kiran kowa, in yabi wanda ya yi daidai, in zazzage wanda ya yi shirme. Mutum ɗaya ne ba na kira, jikanki, ɗana na fari, mai sunan Baba. Lambar rigarsa nake kira. “Bakwai, koma baya.” Ke ma ba ki iya faɗin sunan ba, tunda na mijinki ne, amma ke kin samu mafita: “angona” kike ce masa, ki goya shi, ki tsokane shi, ki ba shi duk abin da al'ada ta hana ki ba ni.

Inna, angon naki ya girma, kuma ya fi ni. Ya fi ni ido, ya fi ni haƙuri, yana ganin inda abokin wasansa zai tsaya tun kafin shi ma ya san zai tsaya can. Ban taɓa gaya masa ba. Yau ne farkon ranar da na faɗa, shi ma a rubuce.

Makon da ya wuce wani tsohon abokin wasana, wanda yanzu ke riƙe da babbar ƙungiya a Kano, ya tsaya Illela kan hanyarsa daga Ƙonni. Ya zo fili da la'asar, ya zauna a benci ya kalli horo. Dattawan unguwa na wurin, har da ƙaninki Kawu Bello. Da na busa usur, abokina ya ce gurbin mutum ɗaya gare shi, in zaɓa masa wanda zai tafi da shi gwaji.

Babu wanda bai san amsar ba. Yaran da kansu suka juya suna kallon Bakwai. Na buɗe baki, na haɗa ido da Kawu, sai harshena ya yi nauyi. Uba ya miƙe gaban manya ya ce ɗansa na fari ya fi 'ya'yan kowa? Sai na ji kaina ina cewa Sanusi, wani yaron kirki daga Araba, wanda ni da shi mun san da sauransa.

Abokina ya dube ni, ya ce: “Ka tabbata?” Na ce na tabbata.

Jikanki ya tattara ƙwallaye ya zuba a buhu, ya miƙa wa Sanusi hannu, sannan ya kawo mini ruwa kamar kullum, da hannu biyu. Da ma ya ɓata rai, da na samu sauƙi. Kawu kuwa yabona ya yi a hanya, wai na nuna ni ɗan gidan mutunci ne. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Kunya nake ji, Inna, kuma ba irin taki ba. Taki ba ta taɓa rage ni da komai ba. Kin ɓoye sunana, amma kin hau mota kin nemo ni. Tawa kuwa ta ɗauke abin da yaron nan ya yi shekaru yana yi wa gumi, don kawai kada a ce bakina ya yi sako-sako. Kaina na kare, na ce tarbiyyarki ce.

Abokina yana Sakkwato har ranar kasuwa, daga nan zai wuce Kano. Gobe da safe zan tafi Araba, in durƙusa gaban mahaifin Sanusi, in gaya masa na ɗora ɗansa kan abin da ba lokacinsa ba. Zai ji zafi, kuma yana da gaskiya. Na san abin da za a ce a gari: Dogo ya ƙwace wa ɗan mutane ya ba nasa. Zan ɗauka, ni na jawo. Daga Araba zan kira abokina.

Amma kafin in faɗa masa, ke zan fara faɗa wa, don ban saba tsallake ki ba. Ki yafe mini, zan furta abin da kika yi rayuwarki ba ki furta ba. Ɗan wasan da ya fi kowa a hannuna, tun da na fara riƙe usur, sunansa Haliru. Ɗana ne.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da mai sunan na asali a Aljanna. Allah ya huci zuciyar Sanusi, ya kawo masa nasa rabon. Ni kuma Allah ya sassauta mini harshe, in iya kiran yaron nan a fili yana ji.

Naki har abada,
Dogon nan.