Birinyar da Na Rubuta Ta Mutu

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaron. Mu nan alhamdulillahi, sai dai gwiwa da ta fara yi min gardama a hawan tudu.

Na san za ki yi mamaki, shekara uku ban rubuto miki ko layi ɗaya ba. To, birai ne suka sa ni, kada ki yi dariya.

Kin tuna Furfura da matarsa, biran nan na bakin kogi? Shekara goma sha ɗaya ina bin su da littafina, ban taɓa ganin ɗayansu ya kula wani ba. Da sassafe suna nan kan reshe guda, wutsiyoyinsu a sarƙe, tururi na tashi daga ruwa yana rufe su yana buɗewa. Wani lokaci har mantawa nake aiki na zo yi.

Suna da 'ya mai tsagaggen kunne, a gabana aka haife ta. Da ta girma sai ta daina yarda 'yan'uwanta maza su matso kusa da ita. Kullum tana can ƙarshen reshe tana kallon tsallake. Wata safiya na nema na rasa.

A aikinmu, birin da ya kwana talatin ba a gan shi ba, layi ake ja da jan biro kan sunansa, wato ya mutu. Shugabar bincikenmu ta ce in dakata, irinsu ba sa aure cikin gida, tafiya suke yi. Na ce ni za a koya wa daji? Na ja layin da ƙarfi har takardar ta yage.

Makon jiya na haye kogin. Na kishingiɗa ƙarƙashin wata bishiya gwiwa ta huta, gyangyaɗi na ɗaukata yana saki, ganye na ɗiga min raɓa. Ina ɗaga ido sai ga tsagaggen kunne. Na zaci mafarki ne. Tana tare da wani baƙon biri, ba wani kyau gare shi ba, amma shi ke goye da ɗansu. Ta dube ni, ta ci gaba da cin abinta.

Jan biro ba ya goguwa, Auta. Sabon shafi na buɗe mata.

Ranar da kika zaɓi mutumin nesa kika bi shi, layin nan na ja miki a zuciyata. Ba ki yi laifin komai ba, ni ne tsoho mai taurin kai. Ina kewarki ƙwarai.

Ina da hutu wata mai zuwa. In kin yarda in zo, ki gaya min motar da ake shiga. Ki kuma rubuto min sunan yaron. Har yau ban sani ba, kunya ta hana ni tambayar uwarki.

Ki gaida maigidan da kyau.

Ni ne,
Babanki, mai bin birai