Sa Hannun Baba

Talata da dare, Bebeji

Kwana huɗu ke nan takardar neman shiga makarantar hafsoshin soja tana aljihuna, har gumi ya sa ta yi laushi. Hedimasta ya ce in babu yardar uba, kada ma in zauna jarrabawar. Ranar da na gaya wa Baba kuwa, abin da ya ce kawai shi ne, "Soja? A gidan nan?"

Yau da muka dawo daga gona ya ce in kawo takardar. Na fassara masa layi-layi, na nuna masa inda ake dangwala yatsa. Ya harare ni.

"Ni zan dangwala yatsa? Ɗauko mini tawadata."

Ya fiƙe alƙalamin kara, ya rubuta sunansa da ajami a tsanake, har ya zarce layin.

Lissafi har yanzu yana ba ni wuya, gudun safe ma sai na ƙara, amma yau zan yi barci. Ɗazu da na ce ina tsoron Baturen da zai duba takardar ba zai iya karanta ajami ba, Baba ya hura tawadar ya ce, "To, ya nemi mai karanta masa. Ni ma ai haka na yi da tasa."