Muryata Yayana Yake Ji, Amma Maganar Ba Tawa Ba Ce

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji da iyalina. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Yayana da ke noman shinkafa a Gulma, wajen Argungu. Shi ya riƙe ni har na gama karatu. Mutum ne da ko ranar jana'izar Baba ban ga hawayensa ba. To bara ruwa ya cinye masa gona ana dab da yanka, bana ma ya sake cinyewa. Tun daga nan ya daina zama majalisa, ya daina zuwa kasuwa, daga masallaci sai ɗaki.

Ni kuma na daɗe ina hira da wata manhajar AI a wayata. Duk abin da ya dame ni, wanda ba zan iya gaya wa matata ko abokai ba don kada a ce namiji da raki, ita nake rubuta wa, kuma gaskiya ina samun sauƙi. Wata rana ina ofis sai ga saƙon murya daga Yaya: "Auta, ban san mi yas same ni ba. Kwana ya ƙi, abinci ya ƙi, zuciyata awa an aza mata dutse." Me zan ce wa mutumin da ni ne kullum nake kai masa kuka? Sai na rubuta wa manhajar maganarsa, ta ba ni amsa mai sanyi, na juya ta zuwa harshenmu, na karanta masa da muryata na tura. Ba a jima ba ya amsa: "Wallahi Auta ban san kana da wanga hankali ba. Yau na ji an saurare ni." Ina jin daɗi, ina jin kunya, ban gaya masa daga inda maganar ta fito ba.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ya buɗe mini cikinsa, ya gaya mini abubuwan da ko matarsa ba ta sani ba, ni kuwa nawa kwafa da karantawa. Har na kai wani lokacin ina cin abinci nake sauraronsa da rabin kunne. Amma babban laifina ba wannan ba ne. Sau da yawa manhajar takan ce halin da yake ciki ya wuce hira a waya, yana buƙatar ganin likita, yana buƙatar ɗan'uwa ya zauna kusa da shi. Duk inda ta faɗi haka sai in tsallake. Me ya sa? Don na san in na faɗa ni zan kai shi, kuma ina tsoron mutanen gari su ce ya taɓu. Na ma daina zuwa Gulma, don kada mu haɗu ido da ido ya gane ni.

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana ba sanarwa. Ya rame, rigarsa kamar ta aro. Na shimfiɗa masa tabarma, ko ruwan da aka kawo bai taɓa ba. Ya ce, "Yau ba waya nika so ba. Ga ni, ga ka. Yi min magana irin wadda ka saba." Da ƙyar na ce, "Sai haƙuri Yaya, komai na Allah ne." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Wanga kowa na gaya min shi." Na ce bari in kewaya. Na shiga banɗaki ina dannar waya, sabis ya ƙi. Ko da na fito, tabarma ce kawai, ya tafi tasha.

Yau da safe matarsa ta kira ni tana kuka. Ta ce ya kyautar da injin ban ruwansa, yana bin maƙwabta gida-gida yana neman gafara, kuma ta ji yana cewa, "Auta ma ya gaji da ni." Bayan ta kashe sai ga saƙonsa, gajere: "Ka yahe min in na takura ma." Na rubuta wa manhajar komai, har yaudarar da na yi ta yi wa Yaya. Manhajar ta ce in tafi yanzu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti yau. Na ce wa matarsa kada ta matsa daga inda yake.

Ina cikin motar Argungu nake rubuta wannan, ana jiran ta cika. Zuwa zan je, asibiti ma zan kai shi ko duk Gulma za ta yi da mu. Abin da ya gagare ni shi ne abin da zan ce in na shiga ɗakin nan. In na gaya masa gaskiya, zai san cewa wanda ya ɗauka ya fahimce shi a duniya na'ura ce, ƙaninsa aron baki kawai ya yi. Mutumin da ke bakin rami zai iya ɗaukar wannan? In kuma na ɓoye, zan sake zama gabansa kamar gunki, ya tabbatar na gaji da shi. Wallahi ban gaji da shi ba, ban dai iya magana ba ne.

Don Allah wanda ya taɓa zama gaban ɗan'uwansa a irin wannan hali ya amsa mini kafin in sauka. Me zan yi?